Malam Muhammadu Bakatsine, gwanin hatimi da ya rasu a Alƙahira

A shekara ta 1154 bayan Hijira, wadda ta zo daidai da 1741, wani baƙon malami ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Masar a zamanin. Mai gidan ne ya zama wasiyyinsa, a hannunsa kuma ya bar littattafansa. Cikakken sunan baƙon Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi as-Sudani. Kashina ɗin nan Katsina ce, haka Larabawa ke rubuta ta. Wato dai Bafillacen Katsina ne ya je har Masar, ya zauna, manyan malamanta suka buɗe littafi a gabansa.

Abin da ya koyar da su shi ne zai sa wasunku su ɗaga gira: hatimi. E, hatimin nan dai mai gidaje da lambobi da kuke gani a bayan allo ko a cikin laya. Ku ɗan yi haƙuri tukuna. A cikin hatimi akwai lissafi na gaske, kuma lissafin dangi ne na kusa ga wanda ke kulle saƙonninmu na WhatsApp da kuɗin da muke turawa ta waya.

Katsinan da ya taso a cikinta tana kan ganiyarta. Bayan da sojojin Maroko suka karya daular Songhai a 1591, ciniki da karatu sun ƙara karkatowa gabas, Katsina ta samu rabo babba. Waliyyan nan biyu, Ɗan Marina da Ɗan Masani, sun riga shi da ƙarni guda ko ƙasa da haka, kuma hasumiyar Gobarau tana nan tsaye. A cikin nasabarsa har da Ɗan Ranko, wani tsohon garin malamai da fatake a ƙasar Katsina. Amma karatunsa bai tsaya a gida ba. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu al-Wali ɗan Sulaiman, wanda ake dangantawa da Barno da Bagarmi, masanin tauhidi da nahawu, wanda har littafi ya rubuta kan haramcin shan taba. ('Yan bayan hostal, ku ji fa, maganar ta fi shekara 300.) Akwai kuma Shehu Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ya ɗauki hisabi da ilmin lokuta da ilmin haruffa da na hatimi, wanda Larabawa ke kira aufaƙ.

Mu da ke Haɗeja ba ma buƙatar taswira kafin mu gane inda wannan karatu ya dosa. Ruwan da ke wucewa ta gefen garin nan, bayan ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, shi ne ke haɗuwa da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya bi ta Gashuwa da Gaidam, kusa da kufan Birnin Gazargamu, ya nufi Tafkin Chadi. Bagarmi tana can gaba, kudu maso gabashin tafkin, a ƙasar Chadi ta yau. A zamanin Malam Muhammadu babu masarautar Haɗeja irin ta yanzu. Auyo da Garun Gabas da Haɗeja ƙananan sarautu ne da ke bin Barno ta hannun Galadima a Nguru. Gabas ita ce alƙiblar almajiri mai neman ƙari, ita ce kuma hanyar mai niyyar Makka.

Wajen 1730 ya sauke farali. Bai komo gida ba. A 'yan shekarun da suka biyo baya, tsakanin Hijaz da Masar, ya rubuta littattafan da suka sa har yau ake ambatonsa. Wajen 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙ, kan ilmin haruffa da hatimi. Ba da jimawa ba, a 1146 ta Hijira, ya ƙarasa ad-Durrul Manzum a Alƙahira, wanda ya gina kan wani littafi da ake jinginawa Fakhruddin ar-Razi, kan taurari da ɗalasimai. Yana da wani kan nahawu, Bulugul Arab, da waƙa kan manɗiƙi wadda shi da kansa ya yi wa sharhi.

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu. Ɓangaren taurari da ɗalasimai abu ne da malamai da yawa suka yi tir da shi, tun kafin a haife shi. Ibn Khaldun ya soki ilmin haruffa a Muƙaddimarsa, ya sa shi kusa da sihiri. Wannan hukunci na malamai ne, su za ku tambaya, ba mujallar ƙungiyar ɗalibai ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne wanda za a iya gwadawa da biro da takarda, ko Musulmi ko Kirista, ko mai yarda da laya ko mai yi mata dariya.

Hatimi a lissafi murabba'i ne da aka raba gida-gida, aka zuba lambobi daga 1 zuwa sama, babu maimaici, ta yadda kowane layin kwance, kowane layin tsaye, da layukan nan biyu na kusurwa zuwa kusurwa, duk jimlarsu ɗaya. Ƙaramin cikinsu shi ne mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ta duk inda ka bi, 15 za ka samu. Dubi kusurwoyin: 2, 4, 6, 8. A lissafin abajada, inda kowane harafi ke da lambarsa, waɗannan su ne ba, dal, wau da ha ƙarami. Haɗa su ka ji sunan da malaman zaure ke kiran wannan hatimi da shi, Buduhu. Jimlar kowane layi kuma tana da ƙa'ida: ka ɗauki yawan gidajen gefe guda, ka ninka shi da kansa, ka ƙara 1, ka ninka da yawan gidajen gefen, ka raba biyu. Mai uku-uku 15, mai biyar-biyar 65, mai bakwai-bakwai 175.

Mai uku-uku ko ɗan firamare zai iya lalubo shi, don in ka cire juyi da kifi, guda ɗaya ne tak. Mai huɗu-huɗu akwai 880, ƙidayar wani Bafaranshe, Frénicle de Bessy, da aka buga a 1693. Mai biyar-biyar kuwa sai a 1973 Richard Schroeppel ya ƙirga su da kwamfuta a Amurka, ya samu 275,305,224. Kada yawan ya ruɗe ka. In aka kwatanta da yawan hanyoyin da za a iya watsa lambobi 25 a gida 25, allura ce cikin ruwa. Mai lalube zai tsufa bai dace ba.

Nan ne aikin Malam Muhammadu ya shigo. Bai tara hatimai ya ce a haddace ba. Ya rubuta hanyoyin gina su, musamman waɗanda gefensu mara ne, wato wutiri: 3, 5, 7, har abin da ya yi sama. Fara daga gida kaza, matsa kaza, in ka faɗa waje ka shigo ta ɗaya gefen, in ka tarar da gida a cike ka yi kaza. 'Yan kwamfuta sun riga sun gane wannan. Algoridim ne, da madaukinsa da sharaɗinsa, sai dai hannu da tawada ne ke gudanar da shi.

Marubutan wannan fanni na Larabci sukan ari tafiyar 'ya'yan shaɗaranji, wato darar nan ta ces, don bayyana matakan, musamman tsallen doki. Ga dabara ɗaya daga wannan dangi, ku gwada ta a bayan littafin lakca. Zana gida biyar-biyar. Sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Daga nan, duk lamba ta gaba ka sauka gida biyu ka matsa dama gida ɗaya. In ka zarce ƙasa, ci gaba da ƙirga daga sama. In ka zarce dama, shigo ta hagu. Bayan kowace lamba biyar za ka tarar gidan da za ka sauka a cike yake, to sai ka sa lamba ta gaba a gidan da ke saman wadda ka rubuta yanzu. Abin da zai fito:

1 14 22 10 18
25 8 16 4 12
19 2 15 23 6
13 21 9 17 5
7 20 3 11 24

Tara kowane layi, 65. Gwada a kan bakwai-bakwai, za ta ba ka 175 ba gardama. Yanzu gwada ta a kan tara-tara. Za ta cika gidajen tsaf, ta yi kyau a ido, amma jimlar layukan kwance ba za ta daidaita ba. A kan uku-uku ma haka. Dalili? In ka haɗa tsallen dokin da matakin nan na komawa sama, kowane sabon zagaye yana farawa ne gida uku sama da inda na baya ya fara, kuma 3 tana raba 9 da 3 ba saura. Da 5 da 7 kuwa babu abin da ya haɗa su da 3, shi ya sa lambobin ke watsuwa daidai wa daida.

Wannan faɗawa waje a shigo ta ɗaya gefen shi ne lissafin agogo, inda ƙarfe 10 in ka ƙara awa 5 za ka samu ƙarfe 3. Tambayar ko lambobi biyu suna da wadda ke raba su tare kuwa ita ce ƙashin bayan tsarin RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977, shekara guda bayan Diffie da Hellman sun nuna yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yi yarjejeniyar mabuɗi a bainar jama'a. A RSA, in ka zaɓi lambar kullewa da ke da mahaɗi da lambar da ake zagayawa a kanta, babu mabuɗin da zai buɗe saƙon. Ciwo ɗaya ne da na hatimin tara-tara.

Kada dai a ɗora wa Malam abin da bai yi ba. Ba shi ya ƙirƙiro hatimi ba. Sinawa da Indiyawa sun san shi tun da daɗewa, kuma a Bagadaza an rubuta hanyoyin gina shi tun ƙarni na 10. Ba shi ne kuma uban ilmin ɓoye saƙo ba. In ana neman wanda ya fara rubuta yadda ake fasa saƙon sirri, al-Kindi ne, a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda ya lura cewa wasu haruffa sun fi wasu yawan fitowa, don haka in ka ƙirga alamomin saƙon da aka sauya wa haruffa za ka iya gano su. Kuma duk wanda ya ce zai kare asusun banki da hatimi, ku guje shi, waya ma za ta fasa shi kafin shayi ya huce.

Inda ya fi kusa da ɓoye saƙo kai tsaye shi ne ramzi. Masu sauraren tsofaffin waƙoƙin ajami sun san yadda mawaƙi ke dunƙule shekarar da ya yi waƙa a cikin kalma ɗaya a baitin ƙarshe. Malam Muhammadu ya yi bayanin ƙa'idar wannan, har Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kai, aka buga a Ibadan a 1967. Ga inda abin ke da daɗi: lissafin abajada iri biyu ne. A na Magrib, wanda malamanmu ke bi, shin 1000 ce. A na Gabas, wanda Masar ke bi, shin 300 ce, gain ce 1000. Ɗauki shekarar rasuwarsa, 1154. A lissafinmu shin, ƙaf, nun, dal ke nan: 1000 da 100 da 50 da 4. Miƙa wa Bamisire waɗannan haruffa huɗu, zai karanta 454. Saƙo ɗaya, mabuɗi biyu, kuskuren shekara 700. Mutumin da ya yi karatu a nan ya je ya koyar a can dole ya riƙe tsarin biyu a kansa.

Akwai wani abu game da shi da ya fi tsaya mini a rai. A Bahjatul Afaƙ ya gargaɗi mai koyo da ya yi aikinsa a keɓe, kada ya watsa asirin ga kowa, ya kuma dage kada ya karaya. Dagewar ba wanda zai yi musu a kanta. Amma ɓoyewar fa? Mutumin da ke cewa a ɓoye shi ne ya zauna ya rubuta matakan dalla-dalla, aka yi ta kwafa, har kwafi ya isa ɗakin karatu na SOAS a Landan, inda daga baya Claudia Zaslavsky ta kawo bayaninsa a littafinta Africa Counts a 1973, Jacques Sesiano, masanin tarihin lissafi a Suwizalan, shi ma ya bi diddigin hanyoyin. Malamai nawa ne a Katsina da Barno suka san abin da ya sani, suka riƙe a ƙirji, aka binne su da shi? Shi an san shi ne don ya rubuta, kuma abin da ya rubuta yana gwaduwa.

Masu ilmin ɓoye saƙo sun daɗe da yanke hukunci kan wannan gardama. A 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar cewa tsarin kullewa ya kamata ya tsaya da ƙafarsa ko da maƙiyi ya san yadda aka ƙera shi, mabuɗi kaɗai ake ɓoyewa. Kwadon shagon kasuwa kowane maƙeri ya san cikinsa, ɗan makullin ne ke aljihun mai shago. Misali na kwanan nan: tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam, in ta girma yadda ake so, za ta karya RSA. Sai hukumar NIST ta Amurka ta buɗe gasa a 2016, kowa ya kawo sabon tsari a fili, kowa kuma ya zo ya gwada fasawa. Wani tsari mai suna SIKE ya tsallake zagaye bayan zagaye, sai a 2022 masu bincike biyu a Beljiyam, Castryck da Decru, suka fasa shi da kwamfuta ta yau da kullum cikin kimanin awa guda. Da a ɓoye aka ƙera shi aka damƙa wa bankuna, da ɓarayi ne za su fara gano ramin. Waɗanda suka tsira aka fitar da ƙa'idojinsu a watan Agusta na 2024. Duk ɗan ajinmu da ke shirin furojet ya ce ya ƙirƙiro nasa tsarin kullewa, ba zai nuna wa kowa kod ɗin ba don kada a sace, to ya sake tunani.

Hatimi yana da wata baiwa da ta sa ya dace da zamanin kwafi da hannu. Littafi kan bi ta hannun magatakarda goma kafin ya iso gare ka, ba ka san ko ɗaya ba, wani ma yana gyangyaɗi ya rubuta. A zance na yau da kullum, in ya sauya kalma, shi ke nan, sai ka dogara da ijaza da sunayen waɗanda suka karɓa daga waɗanda suka karɓa. A hatimi kuwa in ya rubuta 12 a gurbin 21, layin kwance ɗaya da na tsaye ɗaya za su ƙi cika 65, kuma inda suka gicciye nan kuskuren yake. Ba sai ka yarda da magatakarda ba, tarawa kawai za ka yi. Lambar asusun bankinka mai lamba 10 haka take, ta ƙarshen ana lissafo ta ne daga sauran don a kama kuskuren mai dannawa. Manyan tsare-tsaren da ke ajiye rajista ɗaya a kwamfutoci dubbai, irin na Bitcoin, sun ɗauki wannan tunani ne suka kai shi nesa: kowane shafi na ɗauke da tambarin lissafi na wanda ya gabace shi, kowa kuma na iya sake lissafawa da kansa.

Har a fannin kwantam akwai murabba'i mai gida tara da ya ci sunan hatimi a Turance, na David Mermin da Asher Peres, daga 1990. Sunan da siffar ne kawai suka haɗa su, ba gadon Malam ba ne, amma wasan ya cancanci a sani. Mutum biyu ne a ɗaki daban-daban, ba waya. A ba ɗaya layin kwance, ɗaya layin tsaye, kowa ya cika gidajensa uku da +1 ko -1. Na kwance dole ninkinsa ya ba da +1, na tsaye -1, kuma gidan da suka haɗu a kai amsarsu ta zo ɗaya. Babu murabba'in da zai cika duka sharuɗɗan, domin in ka ninka gidajen tara ta kwance +1 ne, ta tsaye kuwa -1. Komai dabararsu, sau 8 cikin 9 ne iyakarsu. Amma in suna riƙe da ƙwayoyin kwantam masu sarƙe da juna, za su ci kowane zagaye. Shi ya sa masu bincike ke kallon irin wannan wasa a matsayin hanyar gwada na'urar da ba ka yarda da maƙerinta ba. Ana iya kwaikwayon wasan a laftof da ɗan gajeren kod na Python, don ƙwayoyin guda huɗu ne kacal.

Mu koma Alƙahira. Mai masaukinsa, Hasan al-Jabarti, shi ma asalin gidansu daga yankin Zaila ne a gabashin Afirka, kuma mutum ne mai son aikin hannu. Yana ƙera agogon rana da kayan auna taurari, ya kuma shiga aikin gyara ma'aunan kasuwar Alƙahira da suka lalace har ya rubuta littafi a kansu. A poli da shi da baƙonsa za su fi sakewa, ina ji, fiye da a jami'a. A wurin wannan Bakatsine ya karanci ilmin hatimi, a gidansa kuma baƙon ya zauna har ajali ya riske shi, kimanin shekara goma sha ɗaya bayan hajjinsa. An binne shi a Alƙahira.

Bayan shekara goma sha biyu ko sha uku aka haifa wa mai gidan ɗa, Abdurrahman, kusan lokaci guda da haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Gobir. Yaron bai taɓa ganin baƙon ba, ya dai tashi a gidan da aka bar littattafansa. Shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, wanda ya ga shigowar Napoleon a 1798 ya rubuta ta. A cikin Aja'ibul Asar, a jerin manyan da suka rasu, ya ware wa Malam Muhammadu gurbi, ya lissafa malamansa da littattafansa, kuma daga wannan shafi ne aka samo mafi yawan abin da ake faɗa kan rayuwarsa. Ad-Durrul Manzum, na taurari da ɗalasimai, shi ne aka buga a maɗaba'a a Masar ya shiga kasuwa. Bahjatul Afaƙ, mai hanyoyin gina hatimi, masu bincike sun fi saninsa ta kwafin hannu.